Tsuntsun da Kika Tambaye Ni

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga yayar su Sadiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da malamanki da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Allah Ya tsare ki daga zazzaɓi, da sharrin baki, da ƙawar banza. Mu nan lafiya lau. Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan Babanku zai kawo miki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji shida na tsaya, kuma hannun ya daɗe bai riƙe biro ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Babanku. Ana jibi za ki tafi makarantar kwana, kina bayan rumbu ke da Sadiya kuna ɓarar gyaɗa, ni kuma ina madafa, zana ce kawai tsakaninmu. Sadiya ta ce, "Yaya, kina ganin Inna za ta yi kuka?"

Kika yi dariya kika ce, "Wa? Inna? Ai sai an kwana biyu kafin ta lura ba na gidan. Ina jin ko sunana ba ta sani ba."

Da dariya kika faɗa, amma na san muryarki. Miyar ranar nan da kowa ya yi ta ƙorafin gishiri, sau biyu na zuba ban sani ba.

Ban ga laifinki ba. Ke ce 'yar farina, kin kuma san yadda muke yi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki a gaban mutane, ba ta yabonsa. Tun da aka yaye ki kika koma ɗakin Kaka, uwar Babanku. Idan zan aike ki sai in ce "ke", idan zan yi maganarki sai in ce "yayarsu". Ranar da za ki tafi ma ban leƙo zaure ba, ina ciki ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ni ina ganin kunya nake yi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ke kike gani ba.

Yanzu na san kin buɗe akwatinki, kin tarar da wani tsohon gwangwanin madara a ƙasan ƙuli-ƙuli, naɗe cikin ɗankwalina mai ruwan ƙasa. Ba Kaka ce ta saka ba, ni ce. Ƙananan hotunan nan masu haƙora a gefe, kan sarki ne, irin wanda ake manna wa ambulan kafin gidan waya ya ɗauki wasiƙa, kamar wanda ke bayan wannan takarda. Ku 'yan zamanin waya ba ku san shi ba. Ni kuwa ba ni da wata dukiya da ta kai shi a wurina. Kusan duk kuskuren da na yi a rayuwa yana da hotonsa a cikin gwangwanin nan. Zan faɗa miki su, don kada ki maimaita.

Ina kamar shekarunki, a ƙauyenmu na wajen Makoɗa, duk wasiƙar da ta zo gari a jakar makaranta take zuwa. Malaminmu, Malam Ayuba, shi yake rabawa, kuma na matan aure ni yake ba, saboda ni mace ce zan iya shiga gidaje, kuma ba ni da surutu. In kai, in zauna a bakin tabarma in karanta musu: ɗa yana Legas yana gaisuwa, miji yana Fatakwal ya ce a sayar da tunkiya, ƙanwa tana Makka ta haihu. Idan na gama sai su ce, "Me za a ba ki, 'yar Malam?" Mahaifina suke nufi, shi ma Malam ake ce masa. Ba na iya ɗaga kai, sai in nuna kusurwar ambulan da yatsa. Su yi ta dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ga ƙosai da zafinsa, yarinya ta ce takarda take so. Allah Ya shirya 'yan boko!"

Na farko da ya shiga raina shi ne mai tsuntsu, dogon wuya, da tukku mai ruwan zinariya a ka kamar an daɓa masa tsintsiya. Da na je gida sai na sa farce na ɓamɓare shi a bushe. Ya taho, amma ƙafa ɗaya ta tsaya a jikin ambulan. Haka na yi ta yi, na yaga wannan, na huda wancan, giwa ba hanci, raƙumin dawa ba wuya. Kullum ina ganin Malam Ayuba, kullum tambayar tana bakina, ban yi ba. Sai ranar da ɗaya ya faɗo daga littafina ya tsinta. Ya juya shi ya ce, "Wa ya yi wa zakin nan kaciya?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka tashi ya kira ni, ya zuba ruwa a murfin kwano, ya yanko kusurwar wani ambulan ya jefa. Muka zuba ido. Can sai kan sarkin ya saki takardar da kansa, ya taso saman ruwa, ko haƙori ɗaya bai rasa ba. Ya ce a kife shi a inuwa ya bushe, sannan a danne shi cikin littafi. Ya ce, "Tun yaushe kike yaga su?" Na ce tun bara. Ya ce, "To da bakinki ciwo yake yi?"

Saboda haka ki yi tambaya. Idan malama ta faɗi abu ba ki gane ba, ki ɗaga hannu. Za a yi miki dariya, na sani, kuma dariyar 'yan mata tana da zafi. Amma kafin a tashi aji ta wuce. Ƙafar tsuntsuna kuwa har yau ba ta dawo ba.

Na biyu, ki nemi wani mai hoton ganga babba. A ƙauyenmu akwai wani tsoho, Baba Ɗanjuma, wanda a da shi yake yi wa manoma kiɗa ranar gayya, wato ranar da samarin gari suke haɗuwa su nome gonar mutum ɗaya. A lokacina gayyar ta mutu, shi ma ya koma saƙar igiya a gindin tsamiya. Wata rana na dawo daga kai wasiƙa, ban san abin da ya ba ni ƙarfin hali ba, na durƙusa na miƙa masa. Ya kai shi dab da idonsa, ya mayar da shi nesa, ya ce, "Af! Wannan ai tambari ne, na gidan sarauta. Mu talakawa ganga muke bugawa. Amma dai ashe gwamnati ta san da mu, har ana kai hotonmu Legas." Sai ya dube ni ya ce, "'Yar wa ce ke?" Na faɗa masa. Ya ce, "Jikar Audu Mai Garma! Zauna. Kin san kakanki yana da take?"

Ban san ma mene ne take ba. Ya ce kowane babban manomi yana da kiɗansa na kansa, wanda idan aka buga, ko yana ƙarshen kunyar gona ya gaji, sai ya miƙe kamar yanzu ya fara. Ya jawo ƙwarya ya kife, ya fara bugawa da yatsu. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mutumin da ban taɓa gani ba, ya rasu kafin a haife ni, sai ga shi kamar yana tahowa. Baba Ɗanjuma ya tsaya a tsakiya ya ce, "Ƙwarya ba ta faɗin sauran. Ki dawo ran Juma'a, zan ɗaure gangar, ki ji shi da kirarinsa gaba ɗaya."

A hanya na haɗu da wata 'yar ajinmu da tallan goro a kanta. Ta ce, "Lallai! 'Yar Malam a gindin makaɗi. Amshi za ki koya?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Juma'a ta zo, na kama hanyar bayan gari don kada ya gan ni. Ta gaba ma haka. An ce mini ya ɗaure gangar, ya zauna da ita har la'asar. Kafin a yanke dawa ya rasu. Da na tambayi mahaifina, ya ce shi yana ƙarami aka daina, ba zai iya kawowa ba. Yanzu duk duniya babu wanda ya san taken kakan nan nawa sai ni, ni ma farkonsa kawai. Luguden nan da kike ji ina yi idan ina daka, wanda Kaka take cewa na fiye iyayi, shi ne.

Ba cewa nake ki bi kiɗa ki bar karatu ba. Cewa nake, kada maganar wata yarinya ta hana ki zama wurin wanda zai ba ki abin da babu shi a littafi. A makarantarku akwai masu dafa abinci, akwai mai gadi, akwai tsofaffi masu shara. Ki gaishe su da sunansu. Akwai 'yan mata daga garuruwan da ba ki taɓa ji ba, ki tambaye su waƙar da uwayensu suke yi a kan dutsen niƙa. Kuma idan tsoho ya ce miki ki dawo ran Juma'a, ki koma ran Juma'ar.

Na uku ya fi waɗannan nauyi. A can ƙasan gwangwanin akwai wani da ya koɗe, mai kan wata mata Baturiya a gefe, da wasu abubuwa masu tsini kamar duwatsu. Wannan ba ni na samo shi ba. Mahaifina, Malam, kakanki na Makoɗa, shi ya ciro shi daga wani tsohon ambulan na babansa da ya ga abin ya shiga raina. Ya ce ba duwatsu ba ne, buhunan gyaɗa ne aka jera a Kano har suka fi gidan sama tsawo, ana kiransu dala. Ya ce yana yaro shi yake kora jakin babansa zuwa wurin awo, kuma ya tabbata a cikin dalar nan akwai gyaɗar gonarmu. Ya sa farcensa a wani ɗan wuri a ƙasa ya ce, "Ga namu nan, wanda ya ɗan karkace. Babana bai iya ɗinkin buhu ba." Ya yi dariya har da tari.

Daga ranar nan na fara kallon gonarmu daban. Ashe gyaɗar da nake ɓara ta taɓa hawa jirgin ƙasa, ta hau na ruwa, ta je ƙasar matar nan. Na fara son in san ina ne can, wace ce ita, yaya aka yi kanta ya bar takardunmu aka sa namu abubuwan. Malam Ayuba ya ce mini duk wannan ana koyar da shi a sakandare, har da taswira. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so zuwa sakandare ba.

Da muka gama aji shida, wata safiya Malam yana gyaran fartanya a tsakar gida, ya ce, "Ke, malaminku ya ce kina da ƙoƙari. Kina son ci gaba, ko kin gaji?" Zuciyata tana ta ihu. Amma a gabansa nake, ga yayyena maza suna jin mu. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Duk yadda kuka ce." Ya jira. Na ci gaba da wasa da bakin zanena. Ya ce, "To shi ke nan," ya koma kan fartanyarsa.

Ba wanda ya hana ni, ki riƙe wannan. Bayan shekaru, ina goyon Sadiya, na kai masa ziyara, maganar ta faɗo. Sai ya ce, "Ashe kina so? Na ɗauka nauyina kike ji ki ce ba kya so. Ai da ko akuyar gidan nan ce da na sayar." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ni na zalunci kaina, shi ma na zalunce shi, na bar shi da nadamar abin da bai yi ba.

Ban raina rayuwata ba. Babanku ni na so shi, kuma Allah Ya ba ni ku. Amma ina roƙon ki, duk ranar da aka tambaye ki me kike so, ki faɗa. Da ladabi, da murya ƙasa-ƙasa, kanki a sunkuye idan kin ga dama, amma ki faɗa. Ladabi daban, shiru daban. Ni na haɗa su wuri ɗaya, na yi ta zaton wanda yake ƙaunata zai gane da kansa. Ba ya ganewa. Ga shi ke ma ba ki gane ba.

Saura na ƙarshe, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Ban san ko kina tunawa ba. Kina 'yar aji biyu, ranar sunan ƙaninku, gida cike da mata. Kika shiga ɗakina neman wani abu, kika buɗe kwallar da nake ɓoye gwangwanin, kika fito tsakar gida da gudu, da mai tsuntsun nan a tafin hannunki. Kika ratsa mata kika zo kika dafa gwiwata, abin da ba kya yi. Kika ce, "Inna, Inna, wane tsuntsu ne wannan? Me ya sami ƙafarsa?"

Ba ki san daɗin da na ji ba. Tun da nake, ba wanda ya taɓa tambayata labarinsu. Amma sai wata daga dangin Babanku ta ce, "Oh, yau 'yar fari a cinyar uwa? Zamani!" Mata suka yi shewa. Ba da mugunta ba, wasa ne irin na taro. Ni kuwa sai na fizge shi daga hannunki na ce, "Wuce wurin kakarki." Kika tsaya kina kallona, hannunki a buɗe yadda yake. Sannan kika wuce.

Daga ranar ba ki ƙara tambayata komai ba sai inda aka ajiye tsintsiya. Na ga kin koma yarinya mai shiru, mutane suna yabo suna cewa kin gado ni. Duk lokacin da aka faɗi haka sai gabana ya faɗi.

To ga amsarki, ko da ta makara. Sunansa gauraka. Malam ya ce a da suna sauka a fadamar garinmu da damina, biyu-biyu, mace da namiji, kuma suna rawa, su buɗe fiffike su yi tsalle su sunkuya wa juna kamar masu gaisuwa. Ya ce kukansu daga nesa kamar ana busa ƙaho. Da gonaki suka haɗe, aka nome fadamar har bakin ruwa, sai suka daina zuwa. Ni ban taɓa ganinsa da rai ba. Giwa da ɓauna da gwanki da ke cikin gwangwanin ma haka, a takarda kawai na san su, alhali Malam ya ce kakanninmu da idonsu suka gan su. Idan makaranta ta kai ku gidan namun daji, ki nemo mini shi, ki kalle shi da kyau, ki zo ki faɗa mini ko tukkun da gaske ruwan zinariya ne. Ƙafarsa kuwa, kin ji wadda ta cire ta.

Gwangwanin naki ne yanzu. Kada ki ɓoye shi a ƙasan akwati kamar yadda na yi. Ki fito da shi ran Asabar ki baza a kan gado, duk wadda ta tambaya ki ba ta labari. Wanda ba ki sani ba ki kai wa malamin tarihi. Ki kiyaye shi daga laima da manja. Wannan na bayan ambulan ɗin shi ne na farko da ya zo da sunanki, ki jiƙa shi, kada ki sa farce.

Sauran nasiha kin sha ji a bakin Kaka: salla a kan lokaci, azkar ɗinki na safe da yamma, kada ki ci abin da ba naki ba, kada ki kwanta da gaba. Jiya ta tarar da ni a bayan ɗaki da takarda a cinya, ta ce, "Wa ake wa wannan dogon rubutu kamar za a kai ƙara?" Na kife takardar. Ta ce, "Hm. Ni nawa ɗan farin har ya yi furfura ban kira sunansa ba, ban kuwa mutu ba." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya ta ce, "Shi dai ban san yadda ya ji ba." Ta ƙara da cewa in gaya wa kishiyarta mai kan kwakwa, wato ke, kada ta rabar da ƙuli-ƙulin nan duka don neman suna.

Babanku ya ce in kawo takardar ya tafi miki da ita a aljihu, ya fi sauri. Na ce a'a, ta gidan waya nake so, ko za ta yi wata a hanya. Ina so a tsaya a gaban 'yan makaranta a ɗaga ambulan a kira ki, ki fito ki karɓa, kowa ya san akwai mai tunaninki a gida. Ya ce to in kawo ya rubuta sunan a baya. Na ce ya bari. Ki duba, rubutun nan mai karkata nawa ne.

Na san sunanki. Ni na zaɓe shi, na raɗa wa Babanku tun kina ciki. Kullum ina faɗarsa idan ina daka, a daidai inda taɓarya take sauka, don kada kowa ya ji.

Ranar ziyara an shirya Kaka da Babanku ne za su zo. Ban gaya wa kowa ba tukuna, amma na wanke mayafina na fita, na goge shi, yana ƙarƙashin matashi. Idan kin ga motar garinmu Tsanyawa ta tsaya, kika ji wata murya da ba ki saba jin ta da ƙarfi ba tana kira daga bakin ƙofa, ki waiwayo. Wataƙila muryar ta yi rawa. Kada ki yi mini dariya.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Allah Ya buɗe miki ƙirji da baki, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye na gari, Ya kare ki daga ciwo da firgici, Ya dawo mana da ke lafiya kamar yadda kika tafi. Su Sadiya suna gaishe ki.

Na ba Allah ajiyarki, Ramlatu.

Ni ce,
Innarki.